Tiya Biyar da Mota Mai Tafiya da Baya

Sun sare iccen bedin nan da ke tsakar gidan da muka fara zama a Sabon Gari. Ban je na gani ba, labari aka kawo mini, wai an rushe ɗakunan za a jera shagunan salula. Tun da na ji, zama ya gagare ni. In zauna kan tabarma in miƙe, in leƙa ƙofa in dawo, har uwar ɗiyana ta ce in ba wani abu na yar ba, in matsa ta wuce da tukunyarta. To me zan ce mata? Icce ne, ba ɗan'uwana ba. Amma a reshen iccen nan na taɓa rataye injin mota da igiyar gugarta, kuma a ƙarƙashinsa na tafka wautar da har gobe in na tuna sai in fara da dariya in ƙare da tsaki.

Yaran yanzu ba su san gyara ba, canji suka sani. Babur ya yi tari sau ɗaya, sai ɗan kabu-kabu ya tura shi bakin titi, bakanike ya kwance abu ya wurga kwata, ya ɓare sabo daga leda ya ɗaura, an gama. Mu a zamaninmu ƙarfe ba ya mutuwa. Ƙusa in ta lanƙwashe a miƙe ta, waya in ta tsinke a ƙulla, robar taya kuwa sai ta yi takalmi, ta yi guga, ta yi ɗaurin kaya kafin a ce ta gama aiki. Da hantsi in ka tsaya a unguwarmu abin da za ka ji ke nan: ƙwanƙwasar guduma daga maƙera, luguden mata, kiran 'yan ga-ruwa, da kukan keken ɗinkina. Don ni tela ne, ba bakanike ba, kuma wannan ita ce gaskiyar da ya kamata in riƙe tun farko ban riƙe ba.

A shekarun da nake magana luguden ma ya yi sanyi, don babu abin dakawa. Damina biyu a jere sama ta yi mana rowa. Mutanen karkara suka cika Maraɗi, ko'ina ka duba mata ne zaune gindin bango da ƙwarya a gaba, ba sa ma roƙo, kallo kawai. Jakai sun faɗi, shanu sun faɗi, mai gidan da ka sani da rumbu uku sai ka gan shi a layin jar dawar taimako yana rufe fuska da rawani. Soja kuma ba su daɗe da karɓar mulki ba. Rediyo ba ya komai sai kiɗan badujala da gargaɗi, an fasa shagunan masu ɓoye hatsi, kuma kowace hanyar da ta fita gari an gitta mata igiya tsakanin tano biyu, gangunan ƙarfen nan na mai. Ƙwayar hatsi ba ta fita kudu, wajen iyaka, sai an san inda za ta. Ɗinki ya tsaya cak, don wanda bai ci ba ba ya yanka riga. Ni kuwa saurayin jini, shekara guda da aure, hannuna ba ya iya zama haka nan. Rashin aikin nan shi ya kai ni.

Akwai wata tsohuwar motar Faransa, 'yar ƙarama mai rufin tamfol, irin wadda muke ce wa de-shabo, yashe a bayan gidan wani Alhaji a unguwar Zariya, kaji na ƙwai a cikinta. Na ba shi kekena na hawa da rediyona, ya ce in kwashe ta, har yana sa mini albarka, abin da ya isa ya sa mai hankali ya tsaya ya yi tunani. Muka buɗe darni muka turo ta tsakar gida, ni da aminina Iliya. Shi Iliya Bagobiri ne na Tibiri, Kirista, mutum mai sanyin rai wanda ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Ya taɓa yin wata shida yana miƙa wa wani bakaniken mishan kile, wato sifana, kuma a wurinmu wannan ya isa a kira shi gwani. Ya zagaya motar sau biyu, ya buga tayar da ƙafa, ya ce, "Tela, ka yi dace. Wannan iska ke sanyaya ta, ba ta shan ruwa. Motar fari ce." Uwar ɗiyana tana bakin murhu ta ce to madalla, saura a samo wadda ba ta cin kwanon mutane, don ta riga ta ga na ɗauki kwanon shanta na zuba bulo-bulon da muka kwance, ƙusoshin nan masu murɗi, a ciki.

Kai, mun yi abin kunya a gidan nan. Ƙaramin sani ƙunƙumi ne, mu kuwa biyu muka haɗa namu. Mun yini guda muna murɗa manibel, ƙarfen nan da ake tada inji da shi ta gaba, har tafin hannuna ya yi bororo, mota ko atishawa ba ta yi ba. Sai da la'asar Iliya ya zura yatsa a bakin karbirato ya zaro hulata, wadda ni da kaina na cusa don kar rairayi ya shiga, kuma na yi kwana biyu ina zargin yaran maƙwabta da ita. Mun yanka kwalin sukari muka fitar da shi daidai bakin inji don ya tare yoyo, muka ajiye kan turmi ya sha iska, akuyar gidan da ke cin tsumma don yunwa ta lamushe shi. Duk abin da muka kwance muka mayar kuwa sai bulo ya ragu, uku, huɗu, wani lokaci har da wata 'yar waya mai lanƙwasa da ba mu san daga inda ta fito ba. Iliya ya juya su a tafin hannu ya ce, "Nasara akwai almubazzaranci. Inda biyu za su riƙe sai ya sa biyar." Mu zuba su a kwano mu ci gaba. Wadda ta fi ci mini rai ita ce ranar da baƙin mai ya gaza, na ɗauki sauran man gyaɗar da ke kwalbarta na ƙarasa cikawa. Injin ya tashi kuwa a ranar, karo na farko, amma sai ƙamshin suya ya game unguwa. Tsofaffi biyu suka yi sallama da ƙoƙo a hannu, suna zaton ƙosai ake toyawa. Na ga uwar ɗiyana ta shiga ɗaki ta saki labule, ba ta yi mini magana ba sai washegari.

Duk wannan wasa ne. Abin da ba wasa ba shi ne mahaifina da ke Jiratawa ba shi da iri. Yunwa ta sa sun cinye har zangarniyar da ake ratayewa a rumbu don shuka, abin da manomi ba ya yi sai wuya ta kai wuya. Shi kuwa mutum ne da zai gwammace ya kwana uku da yunwa da a ji a gari cewa gidansa ba iri. Ba wanda ya sani sai Inna, sai ni. Na gaya wa Iliya a asirce, shi kuma ya gaya wa mahaifiyarsa. Tsohuwar nan ashe ta liƙe wani tulu da laka tun kakar da ta yi kyau, gero ne a ciki gauraye da toka. Ta fasa ta auna mini tiya biyar, ta ɗaure a buhu, ta ce, "Ɗana, ka kai ma tsoho yau. Ba a fafe gora ranar tafiya." Na ce to, Inna. Na kawo buhun Maraɗi na tura ƙarƙashin gado.

Tiya biyar fa. Abin da mace ke ɗorawa a kai da goyo a baya ta je kasuwa ta dawo. Daga gidanmu zuwa Jiratawa kuma in ka fita bayan sallar asuba, kafin hantsi ya yi zafi kana can. Amma ni na riga na aika gida cewa na yi mota. Na riga na gani a zuciyata yadda zan shiga gari da ita, yara na bi, in tsaya ƙofar gida in sauke buhu, Baba na zaune cikin dattawa yana gani. Ni ɗan fari ne, bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa yaba mini a gaban mutane ba, kuma abin nan ya daɗe yana cina. Saƙonsa ya zo sau uku ta bakin masu kawo itace. Na farko, "A gaida na birni." Na biyu, "A hwaɗa ma na birni iska ta juya." Na uku, "A hwaɗa mishi hadari ya hwara haɗuwa gabas." Bai taɓa ambaton iri ba. Kowane saƙo in ce jibi ina tafe, saura kaɗan mota ta tashi. Uwar ɗiyana ta ce, "Malam, in nauyi ne ya yi maka, ka ba ni in kai." Na ce mata harkar maza ce.

Abin da ya rage shi ne akwatin bites, wato giya, inda haƙoran da ke juya taya suke, don in ka sa bites sai ka ji ƙara kamar ana niƙa tsakuwa. Muka sauke shi muka buɗe a gindin bedi. Iliya ya ce a nan fa sai an yi hattara, kowane ƙarfe da gefen da yake kallo. Ba mu da takarda, kuma ko da akwai ba za ta zo mana a rai ba. Mu mutanen nan in za mu kwatanta abu, ko iyakar gona ce ko hanyar Dakoro, tsugunawa muke mu share ƙasa da tafin hannu mu zana da tsinke. Haka Iliya ya yi. Ya zana komai tsaf, babban faifan nan mai haƙora ya sa shi a gefensa, ya ja kibiya, har na yaba masa. Muka wanke hannu muka watse da magariba. Da gari ya waye na fito na tarar da tsakar gida fes, sawun tsintsiya reras daga bango zuwa bango.

"Ina zanen da ke nan?"

"Wane zane?"

"Na gindin icce. Aikinmu gaba ɗaya yana ciki."

Ta dogara da tsintsiyar ta dube ni. "Malam, tun da ka kawo ni gidan nan akwai safiyar da ban share shi ba? In kun ga dama gobe ku zana a kan ruwa."

Iliya da ya zo ya tsuguna ya daɗe yana kallon ƙasa, kamar zanen zai tsiro. Can ya ce ba komai, yana riƙe da shi a ka, faifan hagu yake. Na ce ni dama na gani. Ya ce daga ina nake tsaye lokacin? Na ce ban tuna ba. Muka gwada dama ya zauna, muka gwada hagu ya zauna, munafukin ƙarfe bai nuna bambanci ba. Muka bar shi inda ya faɗa na ƙarshe, muka rufe, muka yi kwana biyu muna mayar da komai, bulo shida suka ragu.

A safiyar da za mu gwada ta ruwa ya sauka. Ana kiran assalatu ya fara, ba yayyafi ba, ruwa na gaske mai dukan kwano, har indararo ya yi magana. Wanda bai zauna cikin fari ba ba zai san abin da wannan ƙara take yi wa mutum ba. Maza suka fito tsakar titi ba riga, mata na guɗa, ƙamshin ƙasa ya shiga har maƙogwaro. Ni kuwa Jiratawa na tuna. Gonar Baba jigawa ce, rairayi, danshinta na yini guda ne in rana ta fito da ƙarfi. Wanda zai shuka yau zai shuka. Iri kuma yana ƙarƙashin gadona.

Uwar ɗiyana ta jawo buhun ta dire a gabana, ta naɗe gammo ta ɗora a kai. Na ture gammon, na ce da mota kafin mai ƙafa ya kai bakin gari na isa. Iliya ya iso jiƙe sharkaf, muka juye ɗan bidon isansin da muke da shi, galan guda na fetur, ya murɗa manibel, inji ya kama tun a bugu na biyu, lafiya lau, ba niƙan tsakuwa. Na zauna, na gyara hula, na sa bites na ɗaya, na dubi ƙofar darni da muka buɗe, na saki ƙafa. Mota ta zabura da baya ta hau randar ruwa, ta wargaza murhu, ta tsaya da gindi cikin akurkin kaji. Na ce hannuna ne ya kuskure. Muka turo ta, na sa na biyu, ta koma inda ta fito da sauri fiye da na farko. Iliya ya cire hularsa ya sosa kai, ya ce in gwada na baya. Na sa na baya, sai ga ta tana rarrafawa gaba, a hankali, inji na kururuwa.

"Tela," ya ce, "ashe faifan nan dama ne wurinsa."

"Yanzu me za a yi?"

"A sauke a juya. Kwana biyu."

Yau in na ba jikokina labarin nan sai su ce, to Kaka, ba sai ka ɗauki buhun ka tafi ba? Haka ne. Rana ko ɗagowa ba ta yi ba a lokacin. Amma maƙwabta sun riga sun taru a bakin darni, kuma wanda girman kai ya hau ba ya ganin hanya ko da a gabansa take. Na ce ai tana tafiya. Iliya ya ce in muka bi da rarrafen nan isansi zai ƙare kafin mu fita gari, sai dai mu juya ta mu tafi da baya, bites huɗu gare ta ta can. Muka naɗe tamfol ɗin rufi, ya hau kujerar baya ya tsaya, kansa a waje yana duban hanya. In ya taɓa kafaɗata ta nan in karya nan, in ya taɓa ta can in karya can, in ya dafa kaina in taka birki. Ni kuma na murɗe wuya ina leƙe ta ƙarƙashin hammatarsa. Haka muka fita Sabon Gari, mota na kallon gida tana nisa da shi, tana wutsil-wutsil da gindi daga wannan kwata zuwa waccan. Wani tsoho a bakin masallaci ya miƙe tsaye yana salati. Sau uku muna faɗawa taɓo, sau uku muna fita mu tura. Mutane na ta wuce mu da sungumi a kafaɗa, kowa na sauri zuwa gonarsa, suna dariya ba su tsaya ba.

Hantsi ya yi sosai kafin mu kai igiyar soja ta hanyar kudu. Sojan da ke wurin ya ga mota na nufo shi da gindi, ya sauke bindiga daga kafaɗa. Iliya ya dafa kaina da hannu biyu.

"Ku sauko. Shiga kuke ko fita?"

"Fita muke, shef."

"Fita, fuskarku na kallon gari? Ni za ku yi wa dabara? Kun juya ta don in ce shigowa kuka yi, in bar ku ba bincike."

Na rantse, na yi bayani, na ambaci faifai da tsintsiya, bayanin ma da na ji shi a kunnena sai na ga ko ni ba zan yarda ba. Ya leƙa ya ga buhu, ya ce ga ta nan, hatsi za a kai iyaka. Ya sa muka tsuguna a rana, hannu bisa kai, sai babbansu ya dawo. Wannan zaman shi ne mafi tsawo a rayuwata. Ina tsugune ina kallon ƙasar da ke tsakanin ƙafafuna tana sauya launi, daga baƙi zuwa ja, daga ja zuwa fari-fari. Na tura ɗan yatsan ƙafa na tona, danshin ya fara nutsewa. Ji nake kamar in tashi in ruga, bindiga ta hana.

Sai wajen azahar babban ya zo, wani dogon Bazabarme mai furfura a gemu. Aka gaya masa, ya ce in tada ta ya gani. Na sa na ɗaya, mota ta yi baya ta kwashe tano guda ta tuntsurar. Ya dubi motar, ya dubi zanen Gobir da ke kumatun Iliya, ka san wasan da ke tsakanin Zabarmawa da Gobirawa, sai ya fashe da dariya har yana riƙe ciki.

"Ashe bawana ne ya gyara. To ai dole. Bagobiri in ya taɓa jaki ma da baya zai tafi."

Iliya, da hannu bisa kai, ya ce, "Ubangijinka dai, shef. Kuma ko da baya ne, mu mun tada ta. A garinku da an zuba mata dawa a gaba ana jira ta ci."

Ya ƙara dariya, ya ce mu miƙe. Ya kwance bakin buhun ya zura hannu, ya ɗebo, ya ga toka, ya shinshina. Dariyar ta ɗauke.

"Wannan iri ne."

"Iri ne, shef. Na mahaifina."

"Yana da wani?"

Na dubi ƙasa.

"Tun yaushe yake hannunka?"

Na kau da kai, don in na ce sati uku ban san abin da zai yi mini ba. Ya ɗaure bakin buhun da kansa, ya jefa mini a ƙirji. Ya ce shi ma ɗan manomi ne, kuma da ni ɗansa ne da ba sai soja sun hukunta ni ba. Ya sa aka sauke igiya, ya ce in ɓace masa da gani.

Ba mu yi nisa ba inda hanya ke gangarawa wajen gulbi rairayi ya riƙe ta, muna ta kokawa isansi ya ƙare, ta yi shiru. Wata mata ta zo ta wuce mu da kaya a kai, ta yi mana sannu. Iliya ya sauko, ya cire rigarsa ya naɗe ta gammo, ya ɗora mini, ya ɗaga buhun ya aza. "Tafi, Tela," ya ce. "Ni zan zauna da ita." Na tafi, gudu-gudu sauri-sauri, kuma wallahi buhun nan ko nauyi babu. Wannan rashin nauyin shi ya fi komai ba ni haushi a hanya.

La'asar ta yi lokacin da na hango gonarmu. Dama da hagu maƙwabta na ta shuka, sun kusa gamawa. Sai na ga Baba a can ƙarshen gona yana sara da sungumi, taki ɗaya sara ɗaya, yadda ya saba, Inna na biye da ƙwarya a hannu, tana zubawa tana takewa da diddige. Sawunsu ya cika gonar tun daga baki. Raina ya yi sanyi, na ce alhamdu lillahi, wani ya taimaka musu. Na ƙarasa ina haki, na sauke buhu, na durƙusa na gaishe su. Baba ya amsa bai juyo ba. Na leƙa ƙwaryar Inna don in ga irin wane ne. Rairayi ne a ciki.

Ta ga na gani. Ta matso ta yi ƙasa da murya. "Tun safe ya ce mu hito. Ya ce ba za a ga gonarshi ba kowa ran shuka, a tambayi dalili. Ya ce kana tahe."

Yini guda tsofaffin nan biyu, da cikin da ba komai, suna sara rami suna binne rairayi cikin rairayi, don kada gari ya san ba su da iri, kada kuma a san ɗansu ne ya riƙe shi. Baba ya dawo ya tsaya kan buhun, ya kwance, ya murza gero a tafin hannu, ya sunkuya ya tona ƙasa da yatsa har gaɓa biyu kafin ya taɓa sanyi. Ya ce wa Inna, ba ni ba, "Zubar da wannan. Mu koma daga kwari, tudu ya sha iska."

Muka koma bakin gona muka fara sabo. Maƙwabcinmu, wani dattijo mai yawan tambaya, ya dogara da sunguminsa ya ɗago murya.

"Malam, lahiya kuke maimai? Na ga tun hantsi kun wuce nan."

Na sunkuyar da kai ina jira. Baba bai daina sara ba.

"Yaron ne ya zo da wani iri daga birni, muka ce mu ƙara bisa namu. Da motarshi ya kawo. Tana can baya, rairayi ya riƙe ta."

"Mota? To madalla. Allah shi yi mishi albarka."

"Amin," in ji Baba.

Sati uku na riƙe abincin gidanmu ƙarƙashin gado don in ji wannan magana daga bakinsa a gaban mutane, ga shi na ji ta. Da sungumin ya ɗaga ya maka mini da ya fi mini sauƙi. Na karɓi ƙwaryar daga hannun Inna na bi bayansa, ina zubawa ina takewa, ban ƙara ɗaga kai ba har rana ta faɗi. Kwarin ya tsiro, tudun bai fito ba, rabin gona suka ci a shekarar, Inna ta ƙarasa rani da tafasa ganye. Bai taɓa tayar mini da zancen ba, ko sau ɗaya, ko muna mu biyu. Har ya koma ga Allah, duk ranar da aka tuna shekarar nan a cikin dattawa, abin da yake cewa ke nan, na birni ne ya kawo musu iri, da mota.